Fadawa marasa gemu: amanar da sarakunan Asuriya da Farisa suka saya da wuƙa

A gidan tarihi na Luvur da ke Paris akwai manyan duwatsun da aka kwaso daga fadar sarki Sargon na 2 a Korsabad, arewacin Iraƙi. Mai lura zai ga maza iri biyu a sassaƙe: masu dogon gemu, da wasu masu sulɓin fuska da cikar kumatu, tsaye dab da sarki. Yawancin masana na ganin waɗannan babanni ne, wato mazan da aka yi wa dandaƙa.

Ba ƴan shara ba ne. A Asuriya sun riƙe larduna, shugabansu kuma yana jan runduna zuwa yaƙi. A Fasifolis ta Farisa ma an sassaƙa wani marar gemu a bayan karagar sarki, riƙe da mayafi. Lissafin sarakunan a fili yake: wanda ba zai haifi magaji ba, ba shi da wanda zai ƙwace wa sarauta, don haka sai ya manne wa ubangidansa.

Wannan lissafi na tsoro ne, bai kuma kamata a kira shi hikimar mulki ba. Sarkin da bai yarda da ɗansa ko ƙanensa ba, sai wanda ya raba da zuriya, ya riga ya shaida cewa gidansa a tsage yake. Dabarar ma ba ta hana komai ba. Sin-shumu-lishir, shugaban babannin Asuriya, shi ya dafa wa ɗan Ashurbanifal ya hau karaga, sannan a 626 kafin haihuwar Annabi Isa (AS) ya neme ta da kansa, ya riƙe ta ƴan watanni. A Farisa, marubutan Girka sun ce Bagowas ya kashe Artashasta na 3 da guba a 338, ya bi da ɗansa bayan shekara 2, ya naɗa Dariyus na 3. Wannan ne ya tilasta masa shan gubar da ya haɗa masa.

Abin da duwatsun ba su nuna ba shi ne inda aka samo su. Herodotus ya rubuta cewa a harajin da Babila da sauran Asuriya ke kai wa sarkin Farisa kowace shekara akwai yara maza 500 da aka dandaƙe. A layi ɗaya ya lissafa su da azurfa.