Ziyarar 'Yan Hindu a Ƙasar Musulmi

A wannan mako za mu leƙa Fakistan.

A lardin Balucistan, kusa da kogin Hingol, akwai wani kogon dutse inda mabiya addinin Hindu ke bauta wa wata abar bautarsu mace, wadda suke kira Hinglaj Mata. Kowace shekara, cikin watan Afrilu, dubban mutane ke ɗunguma can. A kan hanya sukan hau wani tudu mai aman taɓo su jefa kwakwa a cikin raminsa. A da, a ƙasa ake takowa daga Karaci ta cikin hamada, tafiyar makonni. Tun da aka gama titin gaɓar tekun Makran a 2004 sai motoci suka karɓi aikin, jama'a kuwa ta ninku.

Wurin nan a tsakiyar Musulmi yake, sun kuwa bar shi lafiya shekara da shekaru. Wannan ba mu ga laifinsa ba. Aya ta 108 a Suratul An'am ta hana mu zagin abin bautar wasu, balle a tare wa matafiyi hanya.

Abin da ya ɗaga mana hankali shi ne, wasu Musulmin yankin suna kiran abar bautar Bibi Nani, wato kaka, ziyarar kuwa "Hajjin Nani", har su ma su kai hadaya. Subhanallahi! Hajji dai Ɗakin Allah ake nufa, ba wani kogo ba. Muna fata malaman Balucistan za su zauna da waɗannan 'yan'uwa su fahimtar da su, ba tare da an taɓa ko mutum ɗaya daga cikin maziyartan ba.