Can fim na sayar da littafi, nan waya ta cinye duka biyu

Ƴan kasuwar Bazaga da Birnin Ƙwanni, ko mun lura teburan littattafan soyayya da na faya-fayan fim suna ɓacewa?

A ƙasar Japan, Reki Kawahara ya fara sa labarinsa Sword Art Online a intanet a 2002. An buga shi littafi a 2009, aka mai da shi fim ɗin zane a 2012. Fim ɗin ya ƙara wa littafin kasuwa, domin can ba a wasa da haƙƙin marubuci.

Mu ma mun taɓa bin wannan hanya. In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino ya fito a Kano a 1991, ya zama fim a 1994. Sai dai mu masu kwafin sata suka kwashe romon. Yanzu kuwa matar da ke hayar littafi ta koma karatu a WhatsApp, fim kuma ƴan turi ke loda shi a waya da ƴan canji. Wanda ya saro kaya daga Kano, ya biyo ta Sakkwato da Illela, ƙura ce ke cin jarinsa a kan tebur.