Motar hybrid: A auna kafin a ce ƙwaƙwalwa ta mutu

Tun da aka cire tallafin fetur a 2023, motocin hybrid irin su Toyota Prius suka ƙara farin jini. Sai dai da na'urar gwaji ta nuna U0100 ko U0293, wasu makanikai kan ce ƙwaƙwalwar mota ta mutu, alhali ma'anar lambar ita ce kwamfutocin motar sun daina jin juna.

Sau da yawa laifin ƙaramin batir ne mai volt 12, ko fis, ko wayar da ɓera ya ci. A cire kan batir, a auna tsakanin fil na 6 da na 14 a soket ɗin OBD: lafiyayyen layi kan nuna kusan ohm 60.

Mai mota, nemi ganin awon kafin ka biya kuɗin sabuwa. Makaniki kuma ya kiyayi wayoyi masu ruwan lemo, wutarsu tana kisa.