Uwargida da Kwamfuta: Jera Alamomin Shafi a Takardar PDF



Kwanakin baya zazzaɓi ya rufe autata cikin dare, muka garzaya asibiti. Likita ya nemi sakamakon gwajin jinin da aka taɓa yi mata. Ina da shi, domin tuni na ɗauki hoton takardun gidanmu na haɗa su a fayil ɗaya na PDF cikin wayata. Sai dai fayil ɗin ya haura shafi 60. Ga yarinya tana kuka, ga likita yana jira, ni kuwa ina ta murza waya tsakanin takardun haihuwa da rasit na makaranta. Ran nan na gane cewa ajiyar da ba ta da tsari 'yar uwar ɓata ce.

Kamfanin Adobe ne ya fito da PDF a 1993, kuma a cikinsa akwai abin da ake kira alamar shafi. Kamar zaren nan ne da kike sawa a tsakiyar littafi don kada wurin ya ɓace miki, sai dai wannan kina iya ba ta suna. Kina taɓa sunan, sai shafin ya buɗe.

Aikin ya fi sauƙi a kwamfuta. Ki buɗe fayil ɗin da Adobe Acrobat, ko Foxit wanda ake samu kyauta. A gefen allo za ki ga wurin da aka rubuta Bookmarks, nan alamomin suke jeruwa. Ki je shafin da kike so, ki danna Ctrl da B tare, ki rubuta suna, misali "Katin rigakafi".

Wajen sake jeri kuwa, ki ɗora linzamin kwamfuta a kan alamar, ki danne, ki ja ta sama ko ƙasa, ki sake ta inda kike so. Haka kuma kina iya cusa wata a ƙarƙashin wata, kamar uwa da 'ya'yanta. Sai ki sa sunan kowane yaro a matsayin uwa, a ƙarƙashinsa ki jera takardar haihuwa, katin asibiti da sakamakon jarrabawa.

Kada ki ji tsoro, jan alama ba ya motsa shafi daga inda yake, goge ta ma ba ya goge shafin. Amma ki kula, idan kika goge uwa, 'ya'yan da ke ƙarƙashinta za su bi ta. Ki kuma adana fayil ɗin kafin ki rufe, in ba haka ba wahalarki ta tashi a banza. Bayan nan ki tura sabon zuwa wayarki, ki gwada ki tabbatar alamomin suna buɗewa.

Shawarata ita ce kada ki bi jerin shafuka. Abin da za a nema cikin gaggawa shi ne zai hau sama: takardun asibiti tukuna, sannan na makaranta, sannan rasit. Ki nuna wa maigida yadda kika tsara, saboda ranar da ba kya kusa.

Allah Ya ba iyalanmu lafiya, amin. Sai mun haɗu a wata mai zuwa.