Gambo Sawaba Ba Ta Sha Ɗauri Don Atamfa Ba

A 1969 Golda Meir, wadda ta taɓa kiwon kaji a gonar haɗin gwiwa, ta zama Firaministar Isra'ila. Zaluncin gwamnatinta ga Falasɗinawa abin ƙyama ne, amma shekarar abin lura ce: a lokacin macen Arewa ko ƙuri'a ba ta da ita, sai a 1976.

Wannan 'yanci ba kyauta aka ba mu ba. Hajiya Gambo Sawaba, jagorar matan NEPU, ta sha ɗauri a kansa. Kotun alƙali a Kano ta taɓa ɗaure ta wata uku saboda ta tara mata tana wayar musu da kai.

To, me muka yi da gadonta? Mun sa sunanta a asibiti a Zariya, mun huta. A ƙauyukan Bichi da Ɗambatta, matan da ke sussukar gero da ƙuli-ƙuli su ke cika layin zaɓe, a sallame su da atamfa da taliya. Masu cewa al'ada ce ta hana su takarar kansila su amsa mana: al'adar da ta yarda mace ta zaɓa, ina ta samo hujjar hana a zaɓe ta?