Kafin a sayi jita, a tambayi faɗin wuyanta

Mai sayen waya a yau ba ya ciro kuɗi sai ya san girman ma'adanarta, ƙarfin batir da ingancin kyamara. Amma wannan mutumin in ya tashi sayen jita, abin da zai duba shi ne sunan kamfani da ƙyallin fenti, in ya zurfafa ya tambayi irin katako. Da wuya ya tambayi faɗin wuyanta, alhali nan ne hannunsa na hagu zai wuni. Masu koyo da yawa sun jingine jita bayan wata biyu suna cewa ba su da baiwa, ko yatsunsu sun yi kauri, alhali wuyan jitar ne bai dace da hannunsu ba. Ya kamata wannan awo ya zama na farko da za a tambaya, ya kuma zama dole masu sayarwa su riƙa rubuta shi.

A can sama, inda wuyan jita ya haɗu da kanta, akwai wani ɗan farin abu na ƙashi ko roba mai tsaga shida, wanda tsirkiyoyi ke bi ta kansa. Masu harkar suna kiransa nat, kuma faɗinsa ake nufi in an ce faɗin wuya. A jitoci masu tsirkiyar ƙarfe awo biyu suka fi yawa: inci 1 da 11/16, kusan milimita 43, da inci 1 da 3/4, wato milimita 44.5. Yamaha F310, da masu koyo ke yawan farawa da ita, tana da milimita 43. Yawancin jitocin Taylor 44.5 ne, Gibson J-45 kuma tana tsakani da kusan 43.8. Seagull S6 Original ta Kanada ta kusa 46. Jita mai tsirkiyar nailan irin Yamaha C40 ta kai har 52.

Ratar da ke tsakanin 43 da 44.5 ba ta wuce milimita 1.6 ba. In aka raba ta ga gurabe biyar da ke tsakanin tsirkiyoyi shida, kowane gurbi zai samu kusan milimita 0.3. A takarda abin dariya ne. A hannu kuwa, shi ne ke raba yatsan da ya danne tsirkiyarsa tsaf da wanda naman gefensa ya taɓa ta kusa ya kashe mata murya. Mai kaɗa tsirkiya ɗaya-ɗaya da yatsu yana son kowace ta fita ras, don haka ya fi jin daɗin faɗi. Mai sharar tsirkiyoyin gaba ɗaya yana waƙa a kai, yana saurin sauya kamu, sau da yawa siririn ya fi yi masa.

Manyan kamfanoni ma sun yi ta kai da komo a kan wannan ɗan tazara. Martin na Amurka ya rage faɗin wuyan manyan jitocinsa zuwa inci 1 da 11/16 a 1939, aka shafe shekaru da dama a haka. A 2017, da ya sabunta D-28, sai ya koma inci 1 da 3/4. Kamfanin da ya haura shekara 180 yana sana'a ba zai taɓa fitacciyar jitarsa a kan abin da hannu ba ya ji ba.

Sai dai lambar nat rabin labari ce. Sauran yana bayan wuyan, inda tafin hannu da babban yatsa ke zama. Ana kwatanta siffarsa da haruffa. Mai siffar C zagaye yake a hankali, shi ya fi yawa a jitocin zamani. Mai siffar V yana da tudu a tsakiya da kafaɗu zubabbu, irin na tsofaffin jitocin kafin Yaƙin Duniya na Biyu. Yana yi wa mai leƙo da babban yatsa ta sama ya danne tsirkiya ta shida daɗi, amma wanda ya saba kafa yatsan a tsakiyar baya zai ji tudun yana tokare shi. Mai siffar D shimfiɗaɗɗe ne a baya, da cikakkun kafaɗu. Mai siffar U kuwa ya cika hannu dam. Jita biyu za su iya zama milimita 44.5 dukkansu, ɗaya ta zauna a hannu, ɗayar ta gagara, don kawai kafaɗunsu sun bambanta.

Kaurin tsofaffin wuyoyi yana da dalili. Tsirkiyoyin ƙarfe shida suna jan wuya da nauyin da ya kai kilo 70, kuma a da katako ne ke ɗaukar mafi yawan wannan kaya. Da Gibson ya shigo da sandar ƙarfe mai ɗaurewa a cikin wuya a farkon shekarun 1920, sai maƙera suka samu damar fere katakon ya yi siriri. Taylor, da aka kafa a 1974, da siririn wuya mai kama da na jitar lantarki ya yi suna.

A nan ne ake tafka wani kuskure: an ɗauka mai ƙaramin hannu siririn wuya kawai zai yi masa. Tsawon yatsa daban, kaurin kansa daban. Mai gajerun yatsu masu kaurin kai zai sha wuya a milimita 43, ya samu sauƙi a 44.5 mai siririn baya. Wuyan da ya cika siranta kuma yakan bar tafin hannu babu madogara, sai babban yatsa ya yi ta matsa, hannu ya ƙage, musamman wajen danne tsirkiyoyi shida da manuniya. Yara ƙanana na koyon kiɗa a kan faffaɗan wuyan jitar nailan, domin an koya musu ajiye babban yatsa a baya.

Masu cewa hannu na sabawa da komai suna da gaskiyarsu. Ƙwararre zai ɗauki kowace jita ya kaɗa. Haka kuma ba kowane ciwon hannu ne laifin faɗi ba: in tsirkiya mai kauri ta yi nisa da ƙarfe na 12 fiye da milimita 3, kowane wuya zai zama azaba, kuma gyara ne na ɗan lokaci a hannun wanda ya iya. A ƙasar Hausa hunturu na ƙara nasa, domin katako na son laimar iska ta kashi 45 zuwa 55 cikin 100. In iska ta bushe sai ya tsuke, bakin ƙarafunan ya leƙo yana karce hannu. Duk da haka, waɗannan ana gyara su. Siffar wuya kuwa yadda aka sayo ta haka za a zauna da ita, kuma mai koyo bai kai ga sabon da ƙwararre ke taƙama da shi ba. Shi zai fara jin zafin, shi zai fara karaya.

Wanda zai saya a shago, ya zauna da jitar aƙalla minti 15. Ya kama kamun C da na F, ya saurara ko akwai tsirkiyar da ta mutu, ya lura ko gindin babban yatsansa ya fara zafi. Wanda zai yi oda ta intanet, ya auna jitar wani da ya taɓa jin daɗinta da rula, ya riƙe lambar. Ya tambayi mai sayarwa faɗin nat, siffar bayan wuya, da tazarar tsirkiyoyi a ƙasa inda hannun dama ke kaɗawa. In mai sayarwa ya kasa kawo waɗannan lambobi uku, gara a nemi wani, domin mayar da jitar da ta ƙetaro teku ya fi sayenta wuya.