Ciwon hanta da mai juna biyu: awa 24 na farko

Wannan makon da matan Agege nake, musamman na Zango, har da na Idi-Araba, kan ciwon hanta nau'in B.

Binciken NAIIS da gwamnatin tarayya ta gudanar a 2018 ya nuna kusan mutum 8 cikin 100 na manya a Najeriya suna ɗauke da ƙwayar cutar. Wani nazari da aka wallafa a 2021, wanda ya tattara binciken asibitoci da dama, ya samu kimanin 6 cikin 100 na masu juna biyu. Wato in mata hamsin suka yi layin awo, uku daga ciki na iya kasancewa da ita, kuma galibi lafiyarsu lau, ba zazzaɓi, ba shawara a ido.

Abin da ya fi damuna jariri ne. Babba in ya kamu, jikinsa kan kori ƙwayar da kansa, waɗanda take zaunewa a jikinsu ba su kai 5 cikin 100 ba. Amma jaririn da ya ɗauka wajen haihuwa, kusan 9 cikin 10 tana zama da shi har girma, tana cin hanta a ɓoye, sai ya zama magidanci a ji ciki ya kumbura ko an ce kansar hanta ce.

Akwai rigakafi, kuma kyauta ne a asibitocin gwamnati. Tun 2004 yake cikin alluran yara a ƙasar nan. Sai dai allurar farko tana da lokaci: cikin awa 24 da haihuwa. A nan al'adarmu ke karo da ita. An haihu a gida, ungozoma ta yanke cibi, an shiga wankan jego, kaka ta ce jariri ba ya fita sai an yi suna. Kafin kwana bakwai lokacin da allurar ta fi amfani ya wuce. Maigida, ba sai mai jego ta fita ba. Ka ɗauki gwaggon yaron ko kakarsa ku kai shi cibiyar lafiya mafi kusa ko Babban Asibitin Orile-Agege a ranar. In an makara, a kai shi duk da haka. Sauran allurai uku suna biyo baya a mako 6, 10 da 14.

Ke kuma 'yar'uwa, ranar awo ki tambaya da bakinki ko an yi miki gwajin HBsAg, don ba ko'ina ake haɗa shi da sauran gwaje-gwaje ba. In ya nuna akwai, za a duba yawan ƙwayar a jini. In ta yi yawa, likita kan rubuta tenofovir, ƙwaya ɗaya kullum, yawanci daga mako na 28. Kada ki saya da kanki a kemis, kada kuma ki daina sha ba da saninsa ba, don ciwon kan iya tashi da ƙarfi. Jiƙe-jiƙen maganin shawara da ake tallarsu a kasuwa ba sa kashe wannan ƙwayar, wasu ma hantar suke ƙara wahalarwa.

Masu tafiya gida Arewa goyon ciki, ku tafi da katin awo da sakamakon gwajin, ku nemi inda za a yi wa jariri allura tun kafin naƙuda.

Cutar ba ta yaɗuwa ta cin abinci a kwano ɗaya ko gaisawa, kuma uwa za ta shayar da ɗanta nono. Ta jini da saduwar aure take bi, saboda haka a gwada maigida da abokan zama da yara, wanda ba shi da ita a yi masa rigakafi. Ranar suna kuma, a saya wa wanzami sabuwar reza, a buɗe ta a gabanku.